Kunnen Tsaya-Mu-Ji

Duk wanda ya shiga ofishin Darakta, kafin a nuna masa kujera sai an kai shi gaban kabad ɗin gilashi. Darakta ba ya tsallake kowa, ko mai gyaran fanka ne. Kofuna ne jere a ciki, na muhawara, na lissafi, na kacici-kacici, har da na ƙwallon da aka ci shekarar da abokan karawar ba su zo ba. Zai ɗauko ɗaya ya hura masa iska, ya goge da hannun riga, ya ba ka tarihinsa tun daga zagayen farko. Makarantar kuɗi ce, mai ita kuma ya san iyaye da ido suke fara zaɓar makaranta, shi ya sa duk shekara ake rataya sabon kyalle a saman get, ɗauke da hotunan 'yan sakandaren da suka cinye jarrabawar fita. A yi masa adalci, yaran suna ci, ba cika baki ba ne.

Abin da kyallen ba ya nunawa shi ne dogon ginin da ke can baya, an wuce wurin ajiye motoci, inda bango ya yi baƙi daidai tsayin da hannun ɗan shekara shida yake kaiwa. Nan ne sashen firamare. Mai riƙe da shi wata gajeriyar mata ce mai faɗin kafaɗa da saurin tafiya. A gabanta Malama ake ce mata, a bayanta kuwa, daga mai gadi har Darakta, Tsaya-mu-ji. Ta san da sunan sarai, ba ta dai taɓa nuna ta sani ba, don a ƙasan ranta yana mata daɗi.

'Yar mai gyaran rediyo ce. A shagon mahaifinta ta yi wayo, wani ɗan ƙuƙumin ɗaki mai warin dalma, rediyoyin mutane jibge har rufi. Tsohon ba ya kwance rediyo sai ya fara saurarensa. Zai kara kunne, ya ɗaga yatsa ɗaya, kowa a shagon ya yi tsit, sannan ya ce ga abin da ke damunsa. Daga wurinsa ta gaji yatsan da kalmar. Ta yi kwalejin horon malamai, ta auri wani ma'aikacin gidan waya, mutum mai sanyin murya wanda ko faɗa yake yi sai ka matso kusa kafin ka gane da wa yake. Ta fara aiki a makarantar tun tana ɗakuna uku a gidan haya, lokacin da Darakta da kansa yake kaɗa ƙararrawa kuma shi ke ɗebo ruwan randa. 'Ya'yanta a bayanta suka yi barcin rana a gaban allo, yau duk sun girma sun kama gabansu, ita tana nan.

Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma a kanta ta ɓata da iyaye da yawa. Babu yaron da zai bar aji biyu ya shiga aji uku sai ya zauna kusa da ita a kan bencin baranda ya yi mata karatu shi kaɗai. Ba kuma daga littafin aji ba. Littafin aji, in ji ta, ko aku aka ajiye a taga, zango ɗaya ya ishe shi ya haddace. Tana da wata tsohuwar jaka cike da abin da ta tsinto: kwalin man goge baki, yagaggen shafin jarida, bayan kalanda, takardar da ake samu cikin kwalin magani. Yaro zai zura hannu ya zaro, abin da ya fito shi ne rabonsa. In ya fara gudu yana haɗiye kalmomi, sai yatsa ya tashi.

"Tsaya mu ji. Koma baya."

Wanda ya iya, ta dafa kansa ta sallame shi. Wanda bai iya ba, ba duka ba zagi, amma kullum lokacin shan iska zai dawo bencin har bakinsa ya buɗe. In shekara ta ƙare bai buɗe ba, zai maimaita ajin, ko ɗan wane ne. An taɓa kai ruwa rana da wani mai gidajen mai da ya rantse sai ya kwashe 'ya'yansa gaba ɗaya. Darakta ya zo baranda yana murza hannu, yana cewa a ɗan duba. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi a wane aji yake zaton ake fara ƙera kofunan nan nasa. Ya juya ya koma ofis. Yaron ya maimaita, uban kuma bai kwashe kowa ba.

To, mai irin wannan aiki, kunnenta ne jarinta. Shi ne kuma ya fara ja da baya, a hankali, ba sallama.

Maigidanta ne ya fara lura. Ya yi ritaya, yana gida yana kiwon 'yan tattabarunsa, yana da lokacin lura da komai. Wata yamma tana kallon labarai ya leƙo falo.

"Malama, maƙwabta sun ce a yi miki godiya. Sun daina kunna tasu talabijin, taki ta wadatar da layin."

"Me ka ce?"

Ya maimaita. Ta harare shi.

"Kai ne dai kake magana kamar mai tsoron tada jariri. Mutanen yanzu duk ba ku buɗe baki."

Ya yi murmushi ya koma wurin tattabarunsa. Ita kuwa ta rage talabijin ɗin, ta zauna tana kallon bakin mai labarai yana motsi. Ta san gaskiyar. Tukunya ta sha tafasa a bayanta ba ta ji ba. Wayarta sai ta ga haskenta take sanin ana kira. Abin da take tsoro kuma tana da dalilin tsoronsa. Ba a daɗe ba da tsohon malamin lissafi na sakandare idonsa ya yi rauni. Darakta ya shirya masa liyafa mai kyau, aka yi jawabai, aka ba shi ƙaton agogon bango, aka mayar da shi ɗakin ajiye littattafai yana kaɗe ƙura. Bai rufa shekara ba ya daina zuwa. Ita da a raba ta da bencin nan, gara a ce mata ta tafi gida. Don haka ta ja bakinta ta yi shiru, ta koyi kallon leɓe, ta koyi gyaɗa kai a inda ya dace.

Sai kuma aka yi sa'a, a ganinta. A daidai shekarun nan yaran firamare suka yi wani irin buɗe murya da ba ta taɓa gani ba. Yaron da a da sai an yi ta lallashi, yanzu zai zauna a benci ya ɗaga kwalin man goge baki ya karanta shi kamar mai shela. Malamai ma suka daina yi mata ƙus-ƙus a taro. Ta ji daɗi ƙwarai. Har ta gaya wa maigidanta cewa ga shi nan, ashe ba kunnenta ba ne, shi ne dai ba ya ci ya ƙoshi. Ya ce haka ne, Malama.

A shekarar aka yi gasar karatu ta makarantun firamare a wani babban ɗakin taro. Ana tsaka da yi wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu, janareta ya ƙi tashi. Yaran sauran makarantu suka riƙa hawa dandamali suna motsa baki kamar kifi a ruwa, alƙalan gasa na miƙa wuya. Da aka kira na Malama, wani ɗan dukurkurin yaro mai giɓi, sai ya gyara tsayuwa ya saki murya. Har masu sayar da ruwa a bakin ƙofa sun ji labarin daga farko zuwa ƙarshe. Kofin farko ke nan da firamare ta taɓa kawowa. Darakta, baki har kunne, ya tura na ƙwallo baya ya sa wannan a gaba. A karon farko kyallen get ya ɗauki hoton 'yan firamare, da hoton Malama a gefe, ta ɗaure fuska kamar an yi mata dole. Kwana uku tana bi ta gaban get ɗin ba tare da wani dalili ba.

A tsakiyar shekarar da ta biyo baya aka kawo wata yarinya aji biyu, siririya mai manyan idanu. 'Yar nas ake ce mata, don uwarta a asibiti take aiki. Ranar da layi ya zo kanta, ta zauna can ƙarshen bencin, ta zaro takardar magani, ta sunkuyar da kai. Malama ta jira. Leɓe na motsi, ba abin da ke fitowa.

"Ɗaga murya, 'yata."

Leɓen suka ƙara sauri. Malama ta kara kunne, ba ta ji komai ba sai wannan zuuu ɗin da ya zama abokin zamanta. Ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, yaron da bai iya ba sai ya yi ta motsa baki ko Allah zai sa a gaji a sallame shi. Ta sa yarinyar ta riƙa dawowa lokacin shan iska. Kullum haka, kan ƙasa, baki na motsi. Da shekara ta zo ƙarshe ta yanke hukunci, 'yar nas za ta maimaita.

Malamar aji biyu, wata matashiya da ita ma a kan wannan benci ta koyi karatu, ta biyo ta ofis.

"Malama, yarinyar nan fa ta iya. Wallahi ta fi kowa a ajin."

"Ni ban ji ba."

"Ai shi ne, Malama..." Sai ta haɗiye sauran.

"Shi ne me?"

"Ba komai, Malama."

"To ki koma aji. Ni da kunnena zan ji, ba da na wani ba."

Uwar yarinyar ta zo da safe, daga wurin aiki kai tsaye, da fararen kayanta, idanunta jajur don rashin barci. Ba ta zo da faɗa ba. Ta gaida Malama da ladabi, ta zauna a bakin kujera. Ta ce su biyu ne a gida ita da 'yar, aikin dare take yi, da rana take barci, don haka tun yarinyar tana rarrafe ta saba yin komai a hankali, ko dariya a cikin tafin hannu take yi. Ta ce amma karatu kam ta iya, ita ke karanta mata saƙon waya in tana wanke-wanke. Malama ta kafe bakinta da ido, ta tsinci abin da ta tsinta, ta ce duk iyaye haka suke cewa. Ta tashi ta juya wajen kabad don ta ɗauko jakar ta nuna mata yadda ake gwajin. Ta ɗan jima tana lalube. Da ta juyo, sai ta ga fuskar matar ta canja.

Nas ta miƙe, ta tura ƙofa ta rufe, ta dawo ta tsaya daidai gabanta inda za ta ga bakinta.

"Yaya, sau biyu na yi miki magana kina juye. Wanne ya fi damun ki, na dama ko na hagu?"

"Wanne me?"

Matar ta kai yatsa ta taɓa nata kunnen.

Malama ta so ta yi fushi. Ta zauna da jakar a cinya.

"Ni ban zo in tona miki asiri ba," in ji nas. "Kullum muna ganin irinsa, kuma akwai 'yar na'urar da ake sawa, ba ta kai ɗan yatsa ba. Maimaita aji ma ba shi ne ya kawo ni ba. Yarinyar ce ta daina taɓa takarda. In na miƙa mata waya sai ta ce in karanta da kaina. Ta ce tunda Malama ta ce ba ta iya ba, to ba ta iya ba."

Wannan maganar ta shige ta sosai, duk da ba da ƙarfi aka faɗe ta ba. Shekara da shekaru tana buɗe bakin yara, yau ga wadda ta rufe wa baki da hannunta. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya.

Da la'asar ta samu maigidanta yana watsa wa tattabaru hatsi. Ta zauna a kan turmi ta gaya masa komai, tana kallon ƙasa. Bai ce ai na faɗa miki ba, ita kuma har gobe tana gode masa da hakan. Ya dai ce ya daɗe da tambayo asibitin da ake gwajin, yana jiran ranar da za ta ce a je.

"In Darakta ya ji, agogo zai ba ni."

Ya matso daf da ita, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, wanda bai wuce maganar mutum ta yau da kullum ba.

"Ke kika ce kunne ne aikin. In kina kan bencin ba kya ji, ai an riga an raba ki da shi."

Suka je tare. Aka gwada, aka ce na hagu ya yi nisa, na dama da sauran dama-dama. Aka ba ta na'urar. Ba ta yarda ta sa a makaranta ba sai da ta fara zuwa wurin Darakta ta faɗa masa da bakinta, har da maganar 'yar nas. Bai yi mamakin da ta zata ba, hakan ya ɗan ɓata mata rai. Ya sosa ƙeya, ya kalli kabad ɗinsa, ya ce in iyaye suka ji an riƙe yaro bisa kuskure, sunan makaranta ne a ciki. Ya ce ba ya son ya yi mata rashin kunya, tare suka faro. Amma zai zo da kansa ya tsaya a baranda a sake gwada yarinyar. In ta ji ta, benci nata ne. In ba ta ji ba, malamar aji biyu ta karɓa, ita ta koma aikin ofis. Ta ce ta yarda, don ita ma da haka za ta yanke.

Ranar da aka sa, ta tsaya a bakin get, ta kai hannu cikin ɗankwali ta kunna na'urar.

"MALAMA, BARKA DA ASUBA! AN TASHI LAFIYA?"

Saura kaɗan ta saki jakarta. Mai gadi ne, yana daf da ita, jijiyar wuyansa a miƙe. Ta dube shi, ya yi mata murmushinsa na kullum. Ta wuce. A wurin motoci ta jiyo malamai biyu suna hira a hankali kamar mutane, da suka hango ta sai suka gaishe ta kamar tana tsallaken titi. Malamar aji ɗaya ta kawo mata rahoton safe da ihu. Wani ɗan aji uku ya nemi izinin fita da ihu. Tana juya baya kuma sai muryoyin su sauko. Ta tsaya a tsakiyar barandar tana tuna taron malamai, da yaron nan mai giɓi a ɗakin gasa, da hotonta a get.

Darakta ya iso ya jingina da ginshiƙi. Malamar aji biyu ta jero yaran da suka rage ba a ji ba, 'yar nas a gaba. Malama ta zauna a benci tana gyara jakar, ta ba su baya. Nan ta jiyo raɗa, a hankali ƙwarai, irin wadda ta shekara da shekaru ba ta ji ba. Wata 'yar ƙaramar murya ce a cikin layin.

"Ke, ki zauna ta damanta, ba can ƙarshe ba. Ki ɗaga murya sosai."

"Ba na iyawa."

"Ki daure mana. Kowa haka yake yi. 'Yan aji uku ne suka gaya mana, su ma 'yan aji huɗu suka gaya musu."

Wani namiji ya sa baki. "Kuma kar ki bari ta gane. Za ta ji kunya."

Malama ta ci gaba da lalube a cikin jakar, ko da yake ba abin da take nema. Takardun suka riƙa yi mata hazo-hazo. Ta so yaran nan tun ba yau ba, amma ba ta taɓa tunanin su ma suna riƙe da ita ba. Sai da ta tabbata fuskarta ta daidaita sannan ta juyo ta yafito yarinyar.

'Yar nas ta zo ta zauna ta dama. Ta ja numfashi za ta yi ihun da aka koya mata. Malama ta dafa gwiwarta.

"Yi da muryarki ta gida."

Yarinyar ta zaro yagaggen shafin jarida, labarin gyaran wata gada. Ta fara. Murya ce siririya, tsaf, ba gudu ba tuntuɓe, tana tsayawa inda aka sa a tsaya. Da ta zo kan wata doguwar kalma ta ɗan dakata, ta raba ta biyu, ta haɗe, ta wuce. Malama ta bar ta har ƙarshen shafin, inda takardar ta yage a tsakiyar magana.

"Ɗago ki dube ni," in ji Malama. Yarinyar ta ɗago. "Kin iya. Tun ranar farko kin iya. Ni ce ban ji ba. Ki yafe mini, kin ji?"

Yarinyar ta zaro ido, ta waiga wajen malamar ajinsu, don ba a taɓa koya mata abin da ake cewa in babba ya ba da haƙuri ba. Can ta gyaɗa kai. Sannan ta tambaya, a hankali, ko za ta iya tafiya da takardar ta nuna wa mamanta. Malama ta ce ta ɗauka.

Darakta, wanda duk miƙa wuyan da ya yi bai tsinci ko kalma ɗaya ba, ya matso ya cika ƙirji da iska.

"MALAMA, KIN JI TA?"

"Na ji ta, Darakta. Na ji ku duka."

Ya dubi malamar aji biyu, ita kuma ta dubi silin. Ya yi gyaran murya, ya ce to madalla, a ci gaba da aiki, ya juya ofis da sauri.

Saura ta gaya wa yaran su rage murya, yanzu ba bukata. Ta juya ta dube su. Na gaba a layi, namijin nan mai raɗa, tuni ya gyara wando ya buɗe ƙirji, ya shirya tsaf zai yi mata abin da ya daɗe yana shiri. Ta kasa. Gobe ma rana ce ta faɗa musu, ko jibi. Ta kai hannu cikin ɗankwali kamar mai gyara ɗauri, ta rage na'urar kaɗan, ta buɗe masa bakin jakar.

"Zo nan ta damana," ta ce. "Zura hannu."